Lambar waya ɗaya, alƙawari biyu: yadda aikin wata mai ba da shawara ya kusa kifewa

Kafin a fara

Aikina shi ne duba aikin masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, wato su ne suke zama da mutane, ni kuma nake zama da su sau ɗaya a wata su kawo min abin da ya shige musu duhu mu warware tare. Wannan lamarin da ɗaya daga cikinsu ya faru, kuma sai da na nemi izininta da na wadda abin ya shafa kafin na rubuta, na kuma canza duk abin da zai sa a gane su. Zan riƙa ce mata ma'aikaciyar, ita kuma wadda take dubawa in ce mata matashiyar.

Ma'aikaciyar shekararta biyu da gama horo, mutum 22 ne a hannunta a lokacin, kuma gaskiya tana cikin masu ƙwazo, irin mutanen nan ne da idan kana magana da su za ka ji kamar ba su da wani aiki a duniya sai sauraronka. Matashiyar shekararta 27, mahaifiyarta ta rasu wata takwas kafin ta zo, kuma ita ta yi jinyarta har ƙarshe, tun daga nan barci ya ƙaurace mata, ta ajiye aiki, ta daina fita, waya ma sai ta ga dama take ɗagawa. Yayanta ne ya kawo ta kuma shi yake biyan kuɗin zaman.

Cibiyar da ma'aikaciyar take aiki tana amfani da fom ɗin nan na PHQ-9 wajen auna ciwon damuwa, tambayoyi tara ne, makin yana tashi daga 0 zuwa 27, daga 15 zuwa 19 ana ɗaukarsa ya fara tsanani, daga 20 sama kuma mai tsanani ne. A ranar farko matashiyar ta samu 18. Tambaya ta tara, wadda take tambayar ko mutum yana tunanin gara ya mutu ko ya cutar da kansa, ta ba ta 0. A fom ɗin fargaba na GAD-7, wanda yake tsayawa a 21, ta samu 14. Aka tsara zama 12, sau ɗaya a mako, minti 50 kowane zama.

Mako na 1: alƙawari biyu a rana ɗaya

Yayan ya shigo tare da ita ya zauna kamar minti goma, hankalinsa a tashe, yana ta tambayar wata nawa za a ɗauka, za ta warke kuwa. Da zai fita ma'aikaciyar ta raka shi bakin ƙofa ta ce masa kada ya damu, "zan riƙa sanar da kai yadda ake ciki." Ta dawo ta rufe ƙofa, ta ga matashiyar ta takure tana wasa da zaren jakarta ta ƙi ɗago kai, sai ta ce mata, don dai ta saki jiki, "duk abin da kika faɗa a ɗakin nan, a nan zai tsaya."

Takardar amincewa ta cibiyar tana da sakin layi guda da yake bayyana inda riƙe sirri yake ƙarewa, wato idan rayuwar mutum ko ta wani tana cikin haɗari, ko doka ta tilasta. Matashiyar ta sa hannu amma ba a karanta mata wurin ba, ita ma ba ta karanta ba, an miƙa mata biro ne kawai an nuna mata layin. Kuma babu inda aka rubuta me za a iya faɗa wa wanda yake biyan kuɗi da me ba za a faɗa masa ba.

Dokokin aiki na ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, APA, waɗanda aka fara fitarwa a 1953 kuma cibiyoyi da yawa a duniya suke aron tsarinsu, sun yi magana kan abubuwan nan biyu. Sashe na 4.02 ya ce a tattauna iyakar riƙe sirri tun farkon aiki, sashe na 3.07 kuma ya ce idan wani ne ya nemi a duba wani, a fayyace tun farko wane ne ake dubawa kuma wane irin bayani ne zai iya fita. A rubutun zaman ranar, abin da ma'aikaciyar ta sa shi ne "an cike fom, an sa hannu."

Mako na 3 zuwa na 7: lambar waya

A zama na uku matashiyar ta yi kuka sosai, ta ce dare ne yake ba ta wahala, da zarar gida ya yi tsit sai ta riƙa jin kamar mahaifiyarta tana kiranta ta kawo ruwa. Layin cibiyar ana rufe shi ƙarfe biyar na yamma. Ma'aikaciyar ta yagi gefen takarda ta rubuta mata lambarta ta kanta ta ce idan abin ya yi tsanani ta turo saƙo ta WhatsApp. Ba ta faɗi me take nufi da tsanani ba, ba ta faɗi zuwa ƙarfe nawa ba, ba ta kuma rubuta a fayil cewa ta ba da lambar ba.

Daga baya da muka zauna muka ƙirga saƙonnin daga wayarta. Mako na 4 saƙo 9 ne. Mako na 5, 23. Mako na 7 sun kai 64, a ciki akwai saƙon murya 17, mafi tsawonsu minti 11, kuma fiye da rabi sun shigo ne tsakanin sha biyun dare da ukun dare. Ma'aikaciyar tana amsa kusan duka, wani lokacin tana kwance ta sa wayar a ƙarƙashin bargo don kada hasken ya tashi mijinta.

Zaman ma ya fara miƙewa, minti 50 ya koma 70 ya koma 90, sai ta mayar da ita ta ƙarshe a jerin ranar don kada wani ya jira a waje. Da farko matashiyar "Malama" take ce mata, a mako na 5 ta koma "Anti", kuma ma'aikaciyar ta ji daɗin hakan, ta faɗa min da bakinta. A zama na biyar ne kuma ta gaya wa matashiyar cewa ita ma mahaifiyarta ta rasu shekara uku da suka wuce, kuma ba a jimla ɗaya ta faɗa ta wuce ba, kusan minti ashirin ta yi tana ba da labarin asibiti da ranar da abin ya faru har ita matashiyar ce ta miƙa mata tishu.

A mako na 6 aka sake cike PHQ-9, makin ya sauko zuwa 13. Saukar maki 5 ana ɗaukarta canji na gaske a wannan fom ɗin, don haka ma'aikaciyar ta ga ai hanyar tana aiki. A zama na bakwai matashiyar ta zo da agogon hannun mahaifiyarta, ƙaramin agogo mai farin ƙarfe gilashinsa ya ɗan tsage a gefe, ta ce Anti ke kika fi cancanta ki riƙe shi. Ma'aikaciyar ta ce ta rasa yadda za ta yi, ta karɓa ta sa a durowar ofis ta kulle.

A wannan tsakanin mun zauna da ma'aikaciyar sau biyu. Ta kawo min maganar mutum uku daban, ba ta kawo wannan ba, ni ma ban tambaya ba.

Mako na 8: kiran yayan

Yayan ya kira ta a lambarta ta kanta (a wayar ƙanwarsa ya gani), ranar ta tashi aiki a gajiye tana hanyar gida. Ya ce Malama kin ce za ki riƙa sanar da ni, ga shi wata biyu shiru, kuɗi dai nake ta turawa. Ta ce ai alhamdu lillahi ana samun sauƙi, barci ya fara dawowa, "sai dai maganar mutumin nan da suka rabu ita ce take ƙara mata nauyi, amma muna aiki a kai."

A gidansu babu wanda ya san da maganar wani mutum. Soyayya ce ta shekara biyu da matashiyar ta ɓoye, ta watse ana tsakiyar jinyar mahaifiyarta, kuma a zama na huɗu ta faɗa wa ma'aikaciyar tana cewa ke kaɗai kika sani. Kiran bai wuce minti huɗu ba. Ma'aikaciyar ta ce tun kafin ta ajiye wayar ta ji gabanta ya faɗi saboda yadda ya yi shiru sannan ya ce "wane mutum?", ta yi ta kame-kame ta ce wataƙila ta haɗa da labarin wata ne, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

A daren ya tsare ƙanwarsa da tambaya. Washegari saƙo ya shigo, layi biyu: "Kin ce a ɗakin zai tsaya. Na gode Malama." Ba ta ce mata "Anti" ba.

Mako na 9 da na 10: gyara biyu da ba su yi ba

Gyaran farko shi ne ban haƙuri ta waya. Ma'aikaciyar ta tura dogayen saƙonni shida a kwana uku, tana cewa suɓutar baki ce, ta gaji ne ranar, ba ta yi barci ba tun da abin ya faru, don Allah ta yafe mata, ta kira ta ko ƙarfe nawa ne. Idan ka karanta saƙonnin za ka ga kusan dukansu a kan halin da ita ma'aikaciyar take ciki ne, har matashiyar ta koma tana lallashinta tana cewa ba komai Anti ya wuce. Ba ta zo zama na tara ba, amma saƙonnin dare suka dawo har suka fi na da, mako na 9 sun kai 80, yanzu kuma a gauraye suke, wani na kuka wani na zargi, wani ta turo ta goge.

Gyara na biyu shi ne yankewa. Ma'aikaciyar ta kai inda ba ta iya tashi da safe, ta yi kuskuren sunan wani a zama, sai ta ɗauko kundin dokokin aiki ta karanta a dare ɗaya ta tsorata, ta rubuta saƙo irin na ofis: daga yau ba za ta ƙara amsa saƙo a wannan lambar ba saboda ya saɓa wa ƙa'idar aiki, duk abin da ake buƙata a kira cibiya a lokacin aiki. Ta tura ƙarfe goma na dare, ta kashe ƙarar saƙonnin matashiyar. Ba ta ba ta wata lambar gaggawa ba, ba ta tambaye ta halin da take ciki ba, kuma rabon da a sake cike PHQ-9 tun mako na 6. An gudu gara an tarar da zago.

Kundin ƙungiyar masu ba da shawara ta Amurka, ACA, na 2014 yana da sashe guda, A.12, da ya hana a yi watsi da wanda ake dubawa, ya ce a yi masa tanadin inda zai ci gaba da samun kulawa idan za a samu yankewa. Ita dai ɓangaren iyaka ta karanta ta tsaya a nan.

Mako na 11: safiyar da ta kira ni

Kwana huɗu bayan wancan saƙon, ƙarfe 1:40 na dare matashiyar ta rubuta: "Na gaji. Ku yafe ni, ki ce wa Yaya ya yafe ni." Ma'aikaciyar ba ta gani ba sai ƙarfe 7:05 na safe. Ƙarfe 7:10 ta kira ni muryarta tana rawa, ta ce Malam akwai abin da ban faɗa maka ba, ta zayyana min wata biyu a minti biyar.

Na ce mata sauran maganar za mu yi ta daga baya, yanzu ta kira matashiyar. Ta kira sau uku ba a ɗaga ba. Na ce ta kira yayan, ta ce Malam ai kiransa ne ya jawo duk wannan, na ce wannan kiran daban ne, kuma ga abin da za ta faɗa ba ƙari: ta samu saƙo da ya sa tana tsoron ƙanwarsa za ta iya cutar da kanta, ya je ya duba ta yanzu, kada ya bar ta ita kaɗai, ya kai ta asibiti a yau. Ba maganar mutumin, ba maganar abin da ake tattaunawa a zama. Ta kira 7:22. Ya same ta a ɗaki a kulle, ba ta yi wa kanta komai ba amma ta amsa cewa ta yi niyya kuma ta tsara yadda za ta yi.

A nan bari in ɗan ratse, saboda duk wanda ya yi horon wannan aikin ya san shari'ar Tarasoff. A 1969 wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, Prosenjit Poddar, ya faɗa wa masanin da yake duba shi cewa zai kashe wata yarinya, Tatiana Tarasoff, masanin ya sanar da 'yan sandan jami'a, suka tsare shi na ɗan lokaci suka sake shi, ba wanda ya sanar da ita ko iyayenta, a watan Oktoba na shekarar ya kashe ta. Kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta yanke hukunci a 1974 ta sake zama a 1976 ta ce akwai nauyin kare wanda yake cikin haɗari a kan mai jinya. Wancan haɗari ne ga wani, namu haɗari ne ga ita kanta, kuma doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tun daga lokacin ya zauna a aikin cewa sirri yana da inda yake tsayawa. Sashe na 4.05 na APA ma ya yarda a fitar da bayani ba tare da izini ba don kare wanda ake dubawa daga cutarwa, inda doka ta ba da dama.

Likitan ƙwaƙwalwa ya gan ta a ranar. PHQ-9 ya nuna 22, tambaya ta tara ta ba ta 3, wato maki mafi yawa a tambayar. Ya fara ba ta magani, ya sa a dawo da ita bayan mako guda, bai kwantar da ita ba saboda akwai mai zama da ita dare da rana.

Mako na 12 zuwa na 16: abin da aka sake ginawa

Abu na farko fayil. Na sa ma'aikaciyar ta rubuta duk abin da ba ta rubuta ba, lambar waya, tsawaita zama, agogo, kiran mako na 8, kowanne da ainihin ranar da ya faru da kuma ranar da take rubuta shi, a fili cewa daga baya aka ƙara. Ta so ta cusa su cikin tsoffin shafuka kamar tun lokacin aka rubuta, na hana, don wannan ya zama ƙarya a kan kuskure. Muka sanar da shugaban cibiyar a ranar.

Na biyu, wa zai ci gaba da duba matashiyar. Shugaban ya so a mayar da ita hannun wani nan take a rufe maganar. Ni na ga a tambaye ta, tunda duk abin da ya same ta a makonnin nan wasu ne suka yanke mata. Muka zauna mu uku a mako na 12. Mun yi atisayen maganar da ma'aikaciyar kafin ranar har sau uku saboda kullum sai ta zame ta koma bayanin gajiyarta, a ƙarshe abin da ta faɗa gajere ne: "Na faɗa wa yayanki abin da kika ba ni amana, ba ni da hurumin yin haka. Na ba ki lambata ban faɗa miki iyakarta ba, sannan na yanke miki a dare ɗaya. Laifina ne, ba naki ba." Ta yi shiru, ba ta nemi a yafe mata ba. Na bayyana wa matashiyar cewa tana da damar shigar da ƙorafi a rubuce kuma hakan ba zai taɓa kulawar da take samu ba, tana da damar komawa wurin wani, ko ta ci gaba da wannan bisa sabon tsari, ta je ta yi tunani mako guda.

Ta dawo ta ce za ta ci gaba da ita, dalilinta kuma shi ne ba za ta iya sake ba wa wani sabon mutum labarin rasuwar daga farko ba. Ba ta ce ta yafe ba.

Sabon tsarin a rubuce aka yi shi, aka karanta shi da baki layi-layi. Zama minti 50. Abin da yayan zai iya sani abu biyu ne kawai, ko ta zo zama ko ba ta zo ba, da kuma idan rayuwarta tana cikin haɗari, kuma ko a nan za a fara sanar da ita in dai da hali. Aka yi mata tsarin kariya irin wanda Barbara Stanley da Gregory Brown suka fitar, mai matakai shida: alamomin da take gane cewa abin yana tasowa, abin da za ta iya yi ita kaɗai, mutane ko wuraren da suke ɗauke mata hankali, waɗanda za ta iya kira su taimaka, lambobin asibiti da na gaggawa, sai kawar da abin da za ta iya cutar da kanta da shi daga inda take. Da hannunta ta rubuta, ta ɗauki hotonsa a waya.

Ba duka ne ya tafi daidai ba. Maganar saƙo mun fara da cewa saƙo ɗaya a rana, a amsa da rana, bai yi ba ko kaɗan, saƙo ɗayan ya koma shafi guda, kuma duk ranar da amsa ta makara sai ta ɗauka an sake yanke mata. Bayan kwana goma muka soke, muka koma kiran waya na minti 10 duk ranar Alhamis ƙarfe huɗu a layin ofis, na mako huɗu, sannan mako biyu-biyu, sannan a daina, kuma ta san ranar dainawar tun farko. Wannan ya zauna, ina jin don ta san tabbas kiran zai zo ne, ba sai ta yi ta gwada ko ana nan ba. Zaman haɗin gwiwa da yayan ma da muka gwada a mako na 14 ya watse a minti goma sha biyar, ya fara da "ni dai abin da nake so in sani shi ne wane ne", ta tashi ta fita. Ba mu sake gwadawa ba.

Agogon ya fi komai wuya. Kundin ACA bai hana karɓar kyauta kwata-kwata ba, ya ce a duba darajarta, da dalilin mai bayarwa, da dalilin mai karɓa, ya kuma yarda cewa a wasu al'adu ƙaramar kyauta girmamawa ce. Amma wannan ba ƙaramar kyauta ba ce ko da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A mako na 15 ma'aikaciyar ta fito da shi ta ajiye a kan tebur tsakaninsu ta tambaye ta me take so ya zama a lokacin da ta ba ta. Matashiyar ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ba ta iya kallonsa ne a gida, kuma ta so a ce akwai wata da za ta tsaya a wurin. Zaman ranar gaba ɗaya a kan wannan jimlar ya ƙare, kuma shi ne karo na farko da suka yi maganar mahaifiyar a matsayin wadda ba za ta dawo ba. Ta ƙi ɗaukar agogon ranar, sai a mako na 16 ta sa shi a jaka.

Ita ma'aikaciyar an rage mata mutane daga 22 zuwa 15, zamanta da ni ya koma duk mako har wata uku, kuma ta fara ganin wani mai ba da shawarar a wajen cibiyar kan rasuwar tata mahaifiyar.

Mako na 17 zuwa na 30: yadda aka ƙare

PHQ-9 ya nuna 17 a mako na 16, 12 a mako na 21, 7 a mako na 30, tambaya ta tara ta koma 0 tun mako na 21 ba ta sake tashi ba. GAD-7 ya tsaya a 6. Magani da zaman tare suka tafi, don haka ba za a jingina saukar ga ɗaya kaɗai ba. Ta koma aiki na rabin rana a mako na 24. Zama 24 aka yi gaba ɗaya maimakon 12, kuma an sanar da ita ranar rufewa tun saura mako huɗu.

Ba ta shigar da ƙorafi ba, amma ta rubuta wasiƙa shafi ɗaya ta ce a sa a fayil ɗinta, a ciki ta ce abin da ya fi yi mata ciwo ba kiran yayan ba ne, saƙon ƙarfe goman daren nan ne. Tsakaninta da yayan ana gaisawa ana hulɗa amma ta ce ba ta ƙara ba shi labarin kanta ba. Bayan wata uku aka kira ta bibiya, makin 6. Ta tura wa ma'aikaciyar neman abota a Facebook bayan an rufe, ma'aikaciyar ba ta karɓa ba, dama sun yi maganar a zaman ƙarshe cewa ba za ta karɓa ba da kuma dalili.

Cibiyar ta canza abu uku, ana karanta sakin layin sirri da baki a sa hannu a gefensa daban, akwai takarda ta musamman ga wanda yake biya wa wani, kuma an samar da layin bayan tashi aiki da ake karɓa-karɓa.

Yadda nake ganin lamarin

Da mutum ɗaya, wato yayan, ma'aikaciyar ta yi magana sau biyu, a waya ɗaya, ta faɗa masa abin da ya shafi ƙanwarsa ba tare da izininta ba. Kiran mako na 8 cin amana ne, na mako na 11 kuwa da ba ta yi shi ba da shi ne babban laifin. Bambancin shi ne na farkon don ta sauke nauyin alƙawarin da ta yi a bakin ƙofa ne, ba abin da ya tsare wa matashiyar, na biyun kuma rai ne a tsakiya kuma ba ta faɗi fiye da abin da ake buƙata ba. Da an karanta wancan sakin layin a mako na 1, da matashiyar ta san da zuwan irin kira na biyu tun kafin a yi shi, da kuma ma'aikaciyar tana da abin da za ta nuna wa yayan ranar da ya matsa mata.

Ba da lambar waya shi kaɗai ban ɗauke shi laifi ba. Thomas Gutheil da Glen Gabbard sun bambanta tun 1993 tsakanin ƙetare iyaka da zai iya zama mai amfani da keta iyaka mai cutarwa, kuma akwai hanyoyin jinya da suke ba da damar kira tsakanin zama da gangan, amma da sharaɗi a rubuce da kuma tawaga a bayan mai jinyar. Abin da ya lalata nata shi ne ba sharaɗi, ba a fayil, kuma ta ɓoye min. Ni a wurina ɓoyewar ce alamar da ta fi kowace, don ranar da ma'aikaci ya fara zaɓar abin da ba zai kawo wa mai duba aikinsa ba to shi ma ya san akwai magana. Makin 13 na mako na 6 ma ya ruɗe ta, sauƙi ne na gaske amma a kan wayar mutum ɗaya da ba ta barci yake tsaye, abin da ba zai ɗore ba.

Shawarar barin ta ta ci gaba da ma'aikaciyar ita ce har yanzu nake juyawa a raina. Ta yi kyau a nan saboda matashiyar ce ta zaɓa, akwai likita a gefe, kuma ina ganin aikin duk mako. Da keta iyakar ta shafi soyayya ko kuɗi da ba zan ma kawo zaɓin ba.

Nawa laifin kuma shi ne na zauna da ita sau biyu ina jiran abin da za ta kawo, na ga idanunta sun faɗa na ɗauka yawan aiki ne. Yanzu a kowane zama ina bin jerin sunayen mutanen da ke hannun ma'aikaci gaba ɗaya ba waɗanda ya zaɓo kaɗai ba, kuma ina tambaya uku ko an kawo ko ba a kawo ba: wa yake da lambarka ta kanka, zaman wa yake wuce lokaci, kuma wa ya ba ka wani abu.